Kik ɗin Baba Ya Kwanta Dama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙwauri mai cike da tabo, nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan hanya rasuwar kik ɗin babur ɗin mahaifinmu, wato ƙarfen nan da ake takawa da ƙafar dama inji ya tashi. Ya cika ranar Talata da hantsi a kan teburin bakanike, bayan jinyar wata biyu, yana da shekara arba'in da ɗaya a duniya. Ina tsaye a kansa. Gara kuma in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: da hannuna a cikin mutuwar nan.

Marigayin ya shigo gidanmu tare da babur ɗin tun Baba yana mai kai wasiƙu. Ya girme ni da shekara uku, kuma duk tsawon zamanmu bai bari na manta da hakan ba. Bai san batir ba, bai san danna maɓalli ba. Taku uku yake nema, babu ragi. A na farko ya ce "huf", kamar dattijon da aka tasa daga gyangyaɗi. A na biyu ya ce "ƙwar-ƙwar", yana gyara murya. A na uku sai gidan ya ɗauka: "tuf-tuf-tuf-tuf". Da wannan muryar ya kai mu makaranta mu huɗu a jere kamar buhuna, da ita ya kai Inna asibiti ranar da za a haifi ƙanwar da ba ta zauna ba, da ita ya dawo da Baba gida shi kaɗai.

Ba zan ɓoye halinsa ba, yana da zuciya. Wanda ya taka shi da raini, sai ya rama a ƙwauri. Akwai surukinmu da har yau yake ɗingishi idan hadari ya haɗo. Amma bai taɓa barin mai shi a hanya ba.

Shekara shida da suka wuce idon Baba ya rufe. Ya kira mu ɗakinsa, ni da Yaya, makulli a tafin hannunsa. Yaya ya ce a kai babur ɗin wurin masu fasa tsofaffin babura su raba kayan ɗai-ɗai, a huta. Ni na ce zan riƙe. Baba ya laluba ya kamo hannuna.

"Auta, ga shi. Duk abin da ya same shi, a kwance a gyara a mayar. Amma ranar da wutar walda ta taɓa shi, makullin na yayanka ne, ya yi yadda ya ga dama."

Yaya ya yi dariya ya ce, "Na ba ka shekara ɗaya." Tun daga ranar, duk Lahadin da ya zo gaida Baba, sai ya tsaya a tsakar gida ya taka kik ɗin da kansa, ya ji ko lokacinsa ya yi. Baba kuwa kullum safiya yana bakin taga yana ƙirga takun nan uku. Bayan rediyonsa, su ne abin da ya rage masa na waje.

Ciwon ajali ya fara a hankali. Inda kik yake cafke sandar da ta shiga cikin inji akwai ƙananan haƙora, su ke riƙe shi. Takun shekara arba'in ya cinye su. Wata safiya na taka, maimakon "huf" sai na ji "shrrr", ƙafata ta wuce ƙasa fayau. Na ƙara ɗaure noti. Ya yi sati. Na yanko ɓallin gwangwani na cusa tsakani. Ya yi kwana goma. Ranar wata Asabar ya sake gaba ɗaya, yana juyawa a banza kamar hannun ƙofar da ta lalace.

Na tura babur ɗin wurin bakanikenmu, wanda kowa ke kira Gobe-da-safe saboda amsarsa ɗaya ce ga kowane aiki. Ya duba, ya sa farce ya shafa haƙoran.

"Zai tashi, maigida. Sai dai aikin zama ne. A fitar da haƙoran da magagari ɗaya bayan ɗaya, a faɗaɗa bakin da zarto, a sa noti mai tauri. Ka ba ni sati."

"Gobe Lahadi ce," na ce.

"To, ita Lahadin ta jira mana. Kada dai ka tsallaka titi."

Ya san abin da ke tsallaken titi. Ni ma na sani. Na tsaya ina hango Yaya a raina, a tsakar gida yana taka kik ƙafarsa na wucewa, ina jin irin dariyar da zai yi Baba yana sauraro. Da Gobe-da-safe ya shiga bayan rumfa wanke hannu, na ja babur na tsallaka.

Mai waldar, Tartsatsi ake ce masa, bai ko tambayi shekarun marar lafiya ba.

"Minti biyu, yallaɓai. In na liƙa shi, ko jikokinka ba za su cire ba."

A nan kam gaskiya ya faɗa. Ya haɗe kik da sanda suka zama abu ɗaya. Marigayin ya yi wata ƙara da ban taɓa ji daga gare shi ba, "tsssss", ƙarfen ya yi ja sannan ya yi baƙi. Na shafe wurin da baƙin mai da ƙasa. Washegari Yaya ya taka sau uku, inji ya tashi, ya taɓe baki ya shige ɗakin Baba. Na yi barci mai daɗi na kwana huɗu.

A na biyar matata ta ɗago takalmina da yatsa biyu.

"Baban yara, wannan man fa? Babur kake hawa ko cikin inji kake shiga?"

Zafin walda ya bi sanda ya shiga ciki. Ya ƙone robar da ke tsare baƙin mai, ya kashe sifirin ɗin da ke dawo da kik sama bayan an taka. Mai ya riƙa tsiyaya. Marigayin ya daina ɗagowa, ya rataye yana jan ƙasa, "ƙarrr", duk kwanar da na sha. Na ɗaure shi da robar tsohuwar taya. Haka muka yi ta lallaɓawa har man ya fara ƙarewa tsakanin gida da wurin aiki.

Na koma wa Gobe-da-safe kaina a ƙasa. Ya goge wurin da tsumma, ya ga ƙullin walda.

"Ka san sai an zare kik ake buɗe murfin inji? To, zare mini in gani."

Babu hanya sai yanka. Ya sa injin yankan ƙarfe, ni na juya baya. Da aka buɗe, sandar ta gajarce, abin da ya rage kuma wuta ta cinye ƙarfinsa. Ya toshe ramin, ya ce in nemo wata. Kwana tara ina nema. Na tona tulin tsofaffin ƙarafa a kasuwa huɗu. Wani ya ce an daina ƙera irinta tun kafin a yaye shi. Wani ya ce yana da ita a gida, na bi shi tafiyar awa biyu, ya fito mini da ta injin ban-ruwa. Ranar Talata Gobe-da-safe ya gwada dabararsa ta ƙarshe, ya ɗora guntayen biyu a maƙalar matse ƙarfe, ya matsa kaɗan. Marigayin ya ce "ƙwal". Daga nan bai sake cewa komai ba. Tunda na san mutumin nan, ranar ce kaɗai bai ce mini in dawo gobe da safe ba.

Marigayin ya bar tanki mai lotsawa biyu, da sirdin da aka yi wa ɗinki sau bakwai, da madubi ɗaya tilo, ɗan'uwansa ya riga shi tun da daɗewa. Ya bar fulogi sabo fil wanda bai san me ake ciki ba. Ya bar inji da lafiyarsa, sai dai ba mai tashinsa. Ya kuma bar tsoho a bakin taga.

Duk kwanakin taran nan, sulale babur ɗin nake yi daga gida a kashe, in kai shi gangaren bayan layi, in ruga da shi in faɗa kai har ya kama. Na ce wa Baba hayaƙi ne ba na son ya dame shi. Na ce fulogi ne. Lahadin da ta faɗo a ciki na yini a waje da gangan. Ranar Laraba ina lallaɓawa zan fita, murya ta fito ta taga.

"Auta. Kawo mini shi."

Ban tambayi wa ba. Na ɗauko guntayen a aljihun wandona na zuba masa a hannu. Ya bi su da babban yatsa a hankali, tun daga inda tafin ƙafarsa ya sanɗe ƙarfen, har yatsan ya ci karo da ƙullin. Nan ya tsaya.

"Ko kankare shi bai yi ba," ya ce.

"Baba, Lahadi ce ta matso, ga Yaya..."

"Miƙa hannu ƙarƙashin gadon nan. Akwai akwatin ƙarfe."

Na jawo. A ciki akwai magagari siriri naɗe a tsumma, da guntun zarto.

"Sau biyu na fitar masa da haƙora da wannan, kana goye ba ka sani ba. Aikin yini ɗaya ne, kuma da yatsa ake jinsa, ba da ido ba. Ranar Asabar ɗin ina zaune a nan ba abin da nake yi." Ya mayar da fuskarsa taga. "Kira mini yayanka."

Ga yadda aka tsara jana'iza. Za a yi ta ranar Asabar da ƙarfe tara na safe a gidan mahaifinmu. Baba ya hana a kai gawar tulin ƙarafa. Za a naɗe ta a tsummar goge inji, a kwantar da ita a akwatin ƙarfen nan, kusa da magagari. Ba a buƙatar jawabi. An roƙi Tartsatsi ya yi ta'aziyyarsa daga tsallaken titi.

Daga nan za a raka babur ɗin gidan Yaya, inda zan miƙa makulli a gaban shaidu. Yaya bai faɗi abin da zai yi da shi ba, ni kuma ba ni da bakin tambaya, amma an ga mai fasa babura a ƙofarsa jiya da sifana a aljihu. Ba za a tada inji ba. Baba ya ce shi zai hau, shi zai riƙe kai, masu rakiya su riƙa gaya masa inda rami yake. Ni zan tura. Akwai hawa mai tsawo bayan gada, kuma ya ce kada kowa ya kama mini.