Bargon Rukayya da Idon Inna

Ba zan taɓa mantawa da ranar jeren Rukayya ba, ko da kuwa zan yi shekarun kuka a duniya. Har yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni, amma kuma (Allah Ya yafe min) sai na ji wani ɗan alfahari yana biyo baya.

Rukayya ƙanwar mijina ce, autar Inna. Mu a Kutama muke, ta wajen Gwarzo, ita kuma aka sa ranar kai ta Dugabau ta ƙasar Kabo. Lokacin shekarata biyu a gidan, 'yata Hanifa tana wata takwas, ni kuma ina nan kamar baƙuwar kaza, kullum ƙafa ɗaya a ɗage. Gidan malamai ne. Matan gidan wasu sun yi sakandare, wasu sun sauke, ni kuwa a aji uku na firamare na tsaya. Abu ɗaya na iya wanda ba su iya ba: keken ɗinki. Don haka da aka zauna rabon hidimar biki, ban san lokacin da bakina ya ce, "Ni zan ɗinka mata bargon gado," ba.

Irin bargon nan nake nufi na haɗin ƙyallaye, atamfa kala-kala a sama, soso siriri a tsakiya, farin yadi a ƙasa, a bi shi da ɗinki layi-layi. Inna, uwar mijina, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "To, Allah Ya ba da iko." Daga nan ta ce kowace mace a dangi ta kawo ragowar atamfarta a sa, don Rukayya ta tafi da albarkar kowa.

Nan aikin ya zama abin da ban zata ba. Ƙyalle ashirin da uku aka kawo min, kuma kowanne da mai shi. Ba zai yiwu atamfar Inna ta faɗo wajen ƙafa ba, ana taka ta da dugadugai. Na manya dole su zauna wajen kai, na yara su sauka ƙasa. Akwai kuma mutum biyu da ba sa ga maciji tun wani rikicin tukunya, in na haɗa ƙyallayensu gefe da gefe sai an ce da gayya na yi. Sai na shimfiɗa farin yadin a ƙasa, na ce bari in zana gidan kowa a jiki, in rubuta sunanta, kada in rikice.

To rubutun ne matsala. Kafin in haɗa suna ɗaya Hanifa ta farka. Sai dabara ta zo min: maimakon suna, in yi wa kowa alama. Ni dai Allah Ya yi ni da lura. Gwaggo Talatu, ƙanwar surukina, ba a haihuwa ko mutuwa a Kutama ba ta riga mai shela ba, sai na zana mata rediyo, har da eriya. Yaya Binta, matar wan mijina, wadda in ka roƙi gishiri sai ta ƙirga maka ƙwayoyinsa, na zana mata kwado a kulle. Wata na yi mata matashin kai, wata barkono. Inna kuwa na yi mata ido. Ƙaton ido guda, da gashinsa da komai, a tsakiyar wajen kai, don matar nan ko ta bango take gani.

Ina yi ina dariya ni kaɗai. Ai wankewa za a yi.

Abin da ya cuce ni ke nan. Ni duk tawadar da na sani a duniya mai fita ce. Ta allo, ruwa kawai ake zuba mata. Alkalamin maka da Malam, mijina, yake rubutu da shi a farin allon Islamiyya, na sha ganin ya shafa hannu ya goge. Allina na tela ya ƙare, sai na leƙa kofin da yake ajiye alkalumansa na ɗauki maka guda. Baƙi ne, kamar sauran. Akwai wani rubutun Turanci a jikinsa (yanzu na san abin da yake cewa, a lokacin ado na ɗauke shi).

Kwana tara na yi ina ɗinki. Bargo ya fito, wallahi ko a kantin Kano sai haka. Na tafasa ruwa na jiƙa shi da sabulu, na wanke, na shanya a bayan ɗakina inda ba mai bi. Da ya ɗan sha iska na ga zanen yana nan, amma na ce ai danshi ne, sai na hura gawayi a dutsen guga na bi shi tas. Na juya bayan. Rediyo na nan. Kwado na nan. Ido yana kallona.

Malam ya shigo ya tarar da ni zaune da maka a hannu.

"Maman Hanifa, ina kika samo wannan? Tun shekaranjiya nake nema. Na rubutun buhu ne."

"Wane buhu?"

"Buhunan masara mana, da ake kaiwa kasuwa. Ko ruwan sama bai fitar da shi."

Na ce, "Ko ruwan sama?"

Ya ce, "Ko na Agusta." Ya sa abinsa a aljihu ya fita, bai ma san ya kashe ni ba.

Saura kwana shida jere. Ba wanda zan iya gaya wa, don duk wadda zan tambaya tana jikin bargon. Sai na koma tambaya a kaikaice, wai rigar Hanifa ce ta ɓaci. Kowa da maganinta. Aka ce lemon tsami: na matse shida a kan rediyo, sai ya yi wani kewaye shuɗi-shuɗi kamar yana kama tasha. Aka ce kanwa da toka: kwado ya yi ja-ja, kamar ya yi tsatsa, ya ƙara kama da na gaske. Aka ce kalanzir: na shafa wa barkono, ɗakina ya koma warin risho, na kwashi Hanifa na kai ta inuwa ina shinshina numfashinta, ina tunanin na lalata wa 'yar mutane huhu saboda bargo. Aka ce bilic: ɗigo uku na sa wa matashin kai, yadin ya yi laushi har yatsana ya nemi ya wuce. Nan na tsaya na yi kuka mai kyau, irin na riƙe baki da zani.

Ranar da na kai Hanifa awo Gwarzo, na tsaya a wani kemis. Matar da ke wurin, wata dattijuwa mai fara'a, ta saurare ni har na gama ƙaryar rigar jariri, sannan ta ce:

"Kin sa ruwan zafi?"

Na ce na sa.

"Kin goge da dutse?"

Na sunkuyar da kai.

"Kayya, 'yar nan. Ai ke kika ɗaura musu aure da yadin. Zafi shi ke zaunar da tawada." Ta miƙo min kwalbar sifirit, irin wanda ake goge wurin allura, da auduga. "Ki sa tsumma mai tsabta a ƙarƙashi. Ki dangwala, ki danna. Kar ki cuɗa, in kin cuɗa bazuwa zai yi. Daga baki-baki ki nufo tsakiya. Tsumman ya sha baƙi, ki canza wani. In kin gama, ruwan sanyi. Kuma ki buɗe taga, ki nisanta shi da wuta da yarinyar nan."

Na dawo gida da murna, sai na ga wata sabuwa: ƙarƙashin farin yadin soso ne, in na danna tawadar cikinsa za ta shige, ta ɓullo a atamfar mutane. Sai da na farke ɗinkin wurin da reza, zare ɗaya-ɗaya, na cusa tsumma tsakanin yadi da soso. Kuma sifirit ɗin kwalba guda ce, kwana uku suka rage. Dole in zaɓi wanda zan ceta.

Ban yi shawara da kowa ba. Na fara da ido.

Kwana ukun nan, da Hanifa ta yi barcin hantsi sai in ja bargo bayan ɗaki. Dangwala, danna, ɗaga, canza tsumma. Na cinye tsohon ɗankwalina biyu da wata singiletin Malam (har yau yana cigiya). Ranar farko gashin idon ya tafi. Rana ta biyu ya koma toka-toka, kamar mai yanar ido. Rana ta uku na ɗauraye da ruwan randa, na shanya, na dawo na duba: fari tas. Ko ni da na zana sai da na lalubi wurin. Na mayar da ɗinkin, kwalba kuma ta ƙare ƙaf.

Sauran fa? Na ce ai baya ne, katifa zai kalla. Wa zai juya bargon amarya? (Kar ku tambaye ni me ya hana in lulluɓe bayan da wani yadin. Wannan dabarar sai a mota ta zo min, mun wuce rabin hanyar Dugabau.)

Aka yi jere. Ni da hannuna na shimfiɗa bargon, na soke gefunansa ƙarƙashin katifa sosai. Mata suka cika ɗaki, namu da dangin ango, ana guɗa, ana taɓa labule, ana buɗe kwanuka. Bargo kuwa ya sha yabo. Ina gefe da Hanifa a baya, kaina yana ta girma.

Sai wata gwaggon ango, doguwa, ashe ita ma tela ce, ta ce, "Wa ya yi wannan? Masha Allah. Amma ni ba na yabon ɗinki sai na ga bayansa."

Kafin in ce uffan ta fizge gefe, ta juya shi gaba ɗaya a kan gadon.

Sai ga zanena a fili. Alama ashirin da biyu, kowace a gidanta.

"Ikon Allah," in ji doguwar. "Wannan kuma wane irin ado ne? Rediyo?"

Da kowa ya yi shiru, da na ce sabon yayi ne. Amma Gwaggo Talatu ta matso, ta ɗaga wurin, ta leƙa atamfar da ke ɗaya gefen, ta sake leƙa rediyon.

"La ilaha illallahu! Jama'a, atamfata ce! Ni ce rediyo! Ku zo ku gani, yarinyar nan ta mai da ni rediyo, har da eriya!"

Ita da kanta ta watsa labarin, har na tsakar gida suka shigo. Daga nan kowa ta hau neman nata. A juya gaba, a juya baya. "Wa ke da barkono?" "Ke ce mana, sai kin tambaya?" Mai matashin kai ta ce ita ba ta gane ba, aka ce ai barci take lokacin da ake bayani. Mata har da masu zama a ƙasa don dariya. Yaya Binta ce kaɗai ba ta yi ba. Ta dubi kwadonta mai tsatsa, ta dube ni, ta gyara mayafi.

Ni kuwa ina addu'ar siminti ya tsage. Na ja Hanifa daga baya na rungume ta a gaba, ina ɓuya a bayan jaririya 'yar wata takwas.

Sai Inna ta taso. Aka buɗa mata hanya. Ta gyara tabarau, ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya har ta zo tsakiyar wajen kai. Fari fat.

"Maman Hanifa."

"Na'am, Inna."

"Kowa da nasa. Ni ina nawa?"

Na ce, "Inna, ai ke... ban isa ba."

"Ba ki isa ba." Ta shafa wurin da tafin hannu. "To ni kuwa ranar Talata na zaga bayan ɗakinki neman zakarana, na ga wani ƙaton ido a kan igiya. Duk ya fi sauran kyau, har da gashi. Na ce yau ga wadda ta san ni a gidan nan. Ina kika kai min shi?"

Ɗakin ya sake fashewa. Ni ban san ko kuka nake ko dariya ba. Kwana uku ina ɓoye wa matar nan abin da ta riga ta gani, ta kuma yi shiru tana kallona ina wucewa da tsummokara.

Doguwar telar ce ta tsayar da hayaniyar. Ta kai wurin bakin taga, ta ɗaga shi a haske, ta juya, ta shinshina.

"Tsaya. Nan ma da maka aka zana? Irin na buhu? Kuma bayan an goge da dutse?"

Na ce e.

"Shekarata talatin ina ɗinki, ban taɓa fitar da shi ba. Zo nan ki gaya min yadda kika yi."

Jama'a, sai ga ni a tsakiyar ɗakin amarya, ni 'yar aji uku, ina koyar da masu sakandare. Tsumma a ƙarƙashi. A danna, kar a cuɗa. Ban da ruwan zafi. Wata har tana cewa in maimaita tana ɗauka a waya. Inna tana tsaye a gefe tana cewa, "Surukata ce, matar Malam ƙarami," kamar ita ta aike ni.

Na ce zan tafi da bargon in fitar da sauran, Rukayya ta aiko daga inda take lulluɓe cewa ko eriya aka taɓa ba ta yafe ba.

Yaya Binta ta yi sati biyu ba ta amsa gaisuwata sai da ka. Na je har ɗakinta na durƙusa na ba ta haƙuri, don ita kam na san na taɓa ta a gaban baƙi. Washegari ta shigo da kwalbar man shanu cike har wuya, ta dire min a gaba ta ce, "Ga shi. Ki je ki zana wannan ma."

Yanzu daga Kutama har garin Kara, duk yaron da ya zane rigar makaranta da maka, wajena uwarsa take kawowa, kuma ina fitarwa, in dai ba ta riga ni da dutsen guga ba. Darasin da na koya biyu ne. Kowane alkalami, a fara gwada shi a gefen tsumma. Sannan duk abin da kika lura da shi game da dangin miji, ki bar shi a cikin ciki, don shi ne kaɗai wurin da ba wata gwaggo da za ta ce sai ta ga bayansa.