Malam Barau Ba Ya Gumi

Ranar Asabar, 18 ga Afrilu, 1998, tun ƙarfe tara na safe rana ta buɗe a Nguru kamar da gayya. Ko ganye ba ya motsi.

Malam Barau shi ne sakataren ƙungiyarmu ta iyaye da malamai, kuma ranar za a yi zaɓen shugaba. Yana takara. Hujjarsa guda ce: shi ba ya gumi.

"Gadon gida ne," in ji shi. "Kakana shekara arba'in yana ƙira, goshinsa ko ɗigo."

Abin da bai faɗa ba, likita ne ya rubuta masa maganin rage gumi. Ya ce ƙwaya ɗaya a yini, ya guji tsayuwa a rana, ya yawaita shan ruwa, in ido ya fara dishi-dishi ya dawo. Malam Barau ya haɗiye uku, ya ɗora babbar riga a kan kaftani. Da aka kira shi jawabi, aka nuna masa rumfa.

"Rumfa ta masu gumi ce," ya ce, ya karɓi makirufo, ya tsaya tsakiyar fili.

Minti goma ba laifi. Daga nan baki ya bushe ƙamas. Ya kai takardar jawabin nesa, ya kawo ta kusa, ya juya ta. Ya ce "Jama'a" sau huɗu. Sai muka ji tim!

Malama Talatu, nas ce cikin iyaye, ta sa aka ja shi inuwa, aka tuɓe rigar, aka kwara masa ruwa. Kwalin magani ya faɗo daga aljihu. Makirufo yana nan a hannunsa.

"Malam, wannan na gumi ne. Nawa ka sha?"

"Uku," in ji lasifika, har bakin kasuwa.

Wani dattijo a baya ya gyara zama. "Allah ya jiƙan kakan. Shi nawa yake sha?"

Kwanansa biyu a asibiti, likita ya dakatar da maganin. Ƙuri'a ɗaya ya samu. Matarsa ta rantse ba tata ba ce.

Makarantar tana bayan gidansa, amma ya ce takardar murabus ta gidan waya zai aika wa hedimasta. Sau uku yana sake rubutawa, gumi yana narkar da tawada a ƙarƙashin hannunsa. Ya sayi kan sarki, ya ɗaga zai lasa.

Ma'aikacin ya dubi tafinsa. "Bar yawunka, Malam. Shafa kawai."

Ya shafa, ya manne, ya jefa a akwati.