Baƙar Taliyar Badamasi Koriya

Wani mutum ne a kasuwar Ƙofar Ruwa, sunansa Badamasi. Amma in ka shiga layin 'yan kayan gyaran mota ka ce Badamasi kawai, ba wanda zai gane wa kake nema, sai ka ce Badamasi Koriya. Sau ɗaya rak ya taka ƙasar. Ubangidansa ne ya tafi da shi lodin tsofaffin injina, ko wata ba su cika ba suka dawo. Tun daga ranar kunnuwan 'yan layi ba su sake hutawa ba. In an kawo shayi, na Koriya ya fi. In an yi ruwa, ruwan Koriya a jere yake sauka, ba ya jiƙa mutum sai da izini. Yaren kuwa gaisuwa ɗaya ya kwaso, "Anyon haseyo". Da ita yake sallama, da ita yake ban kwana, an ce har ta'aziyya ya taɓa yi da ita.

Babban labarinsa shi ne na baƙar taliya. Abin da ya faru bai da yawa. Ranar sha huɗu ga Afrilu samarin da ke aiki a filin da ake tara injinan a can suka gan shi zaune shi kaɗai, suka yi ƙus-ƙus, suka ja shi gidan abinci. Kowannensu sanye da baƙi. Aka kawo taliya baƙa ƙirin, suna ci suna dafa kafaɗarsa, ɗaya har da share hawaye. Aka ɗauki hoto. Kalma ɗaya bai ji ba a duk zaman, amma wannan bai hana shi fassara ba.

"Ka ga wannan mai kukan?" Haka yake ce wa abokinsa Sallau yana tura masa waya. "Budurwarsa ce ta koma kaina. Ranar nan ita ce babbar ranar masoya a can. Ba a ba kowa baƙar taliya sai wanda ya yi fice a soyayya."

"To ina matan? Ni duk gardawa nake gani."

"An hana su shiga ne, gudun turmutsitsi."

Ana haka ya haɗu da Murjanatu. Yarinya ce mai natsuwa, tana koyon yaren Koriya wajen wata dattijuwa Malama Han, 'yar can ce da ta daɗe a Kano har Hausa ta zauna a bakinta. Laƙabin nasa ne ya fara jan hankalin Murja. Shi kuwa, tsakani da Allah, sonta yake har cikin ransa, in ya ji muryarta ko cinikin injin mantawa yake. Mahaifinta ya ce ta fito da miji, ita kuma ta ce wa Badamasi kafin Afrilu ya ƙare za ta gaya masa ya turo ko kada ya turo.

Ranar sha huɗu ga Fabrairu ya je zance, ta miƙo masa cakulan da hannu biyu, har da ɗan sunkuyawa. Gogan naka ya karɓa da hannu ɗaya, ɗayan yana sakace da shi. Kafin ya kai bakin titi ya lamushe. Sha huɗu ga Maris ya koma, ya tarar ta ci ado tana ta kallon hannunsa. Hannun nan wayam.

"Ka san yau nawa ga wata?"

"Sha huɗu mana."

"Ba abin da ka tuna?"

"Na tuna injin ƙaramar mota ya tashi."

Daga ranar Murja ta yi sanyi. In ya kira, amsa ɗai-ɗai. Hankalin Badamasi ya tashi, ya ga tana neman suɓuce masa, sai ya ce bari ya fito da babban makami. Zai haɗa mata walimar baƙar taliya irin ta can, a gaban jama'a, kuma a gayyato malamarta don ta yi shaida.

Aka shiga shiri. Mai abincin layi ta dafa taliya cikin tukunyar biki, ya ce ta baƙanta ta. Ta zuba daddawa, ya ce bai yi ba. Ta ƙona albasa ta ƙara, ya leƙa ya ce ta Koriya ta fi haka duhu. Ƙarshe dai sai da aka daka gawayi. Sandunan cin abinci kuwa wajen mai tsire aka kwaso tsinke. Ya bi 'yan layi ɗaya bayan ɗaya, magidanta masu 'ya'ya, ya ce kowa ya zo da baƙaƙen kaya. Ya saya wa Murja takalmi mai tsini aka naɗe a takarda mai ƙyalli.

Ranar sha huɗu ga Afrilu ta zo. Wurin ya yi baƙi ƙirin kamar taron hankaki, har wani mai wucewa ya tsaya ya tambayi wa ya rasu. Can sai ga Murja da Malama Han. Murja idonta jawur, Badamasi ya taɓa Sallau ya ce daɗi ne ya sa ta kuka. Ya taso da sauri ya sunkuya don gaisuwa, goshinsa ya haɗu da gefen tebur, ƙum. Ya ɗago yana murmushi.

"Anyon haseyo."

Malama ta amsa, ta ɗora da wata doguwar magana cikin yarensu. Ya gyaɗa kai ya ce, "Anyon haseyo." Ta sake wata. Ya ce, "Haseyo, haseyo."

Aka zauna. Kowane faranti an soke masa tsinke biyu a tsaye kamar tuta. Malama ta sa hannu ta cire nata ta kwantar a gefe.

"Ɗana, a wurinmu abincin mamaci ake soke wa haka."

"A unguwar da na zauna na masu rai ne, Malama."

Bai jira dattijuwar ta fara ba ya kai loma, zuuut, ya miƙe da baki baƙi ya fara jawabi. Ya ce yau ranar gwanayen soyayya ce. Ya ce a Koriya sai da aka rufe titi saboda shi. Sannan ya ciro waya ya miƙa wa Malama hoton, ya ce ta gaya wa mutanen nan da bakinta, don wasu gani suke ƙarya yake.

Malama ta sa tabarau. Ta dubi hoto, ta dubi Badamasi, ta sake duban hoto. Tausayi ya cika fuskarta.

"Allah sarki. Ashe can ma ba ka samu ba."



"Ban samu me ba?"

"Budurwa. Ai a Fabrairu mace take ba wanda take so cakulan. A Maris namiji ya rama da tasa kyautar in yana sonta. Wanda duk watannin nan biyu suka wuce bai samu kowa ba, shi ne yake sa baƙi a Afrilu ya je ya ci baƙar taliya da 'yan uwansa gwauraye. Yaran nan tausayinka suka ji. Suna da kirki."

Sallau ne ya fara. Dariyar ta taho masa da taliya a baki, ya ƙware, ana bubbuga masa baya yana cewa, "An hana su shiga, gudun turmutsitsi." Nan fa wuri ya kece, wani har ya faɗo daga kan benci, tim.

Murja ba ta yi dariya ba.

"Na ba ka cakulan da hannu biyu, Badamasi. Na jira ka a Maris, ka zo min da farashin inji. Yau kuma ka tara kasuwa guda kana sanar da su ba ka da kowa. Da na zaci wulaƙanci ne, kwana na yi ina kuka. Ashe ma ba ka san komai ba ne. Ban san wanne ya fi ciwo ba."

 Badamasi ya ga saura dabara ɗaya. Caraf ya ɗauko ƙunshin nan, wannan karon da hannu biyu har da haɓa, ya miƙa mata. Ta buɗe, sai ga takalmi. Malama ta dafe baki.

"Wannan kuma fa, Malama?" in ji Sallau yana share hawaye.

"A wurinmu ba a ba masoyi takalmi. Cewa ake da shi zai tafi."

Murja ta cire nata, ta zura sabon, ta taka sau biyu.

"Ya yi min cif. Wannan kaɗai ka yi daidai da al'ada. Kada ka turo."

Ƙwas, ƙwas, ƙwas, har ta sha kwana. Badamasi ya buɗe baki zai kira ta, haƙora baƙi ƙirin da gawayi, abin da ya fito kawai shi ne, "Anyon haseyo."

Magidanta suka fara ture farantai. Wannan ya ce shi da matarsa a gida, wancan ya ce nasa biyu ne, kada taliya ta ja masa. Malama Han ta miƙe ta jawo tukunyar bikin nan gaba ɗaya, ta tura ta gaban Badamasi da hannu biyu, cikin ladabi.

"Ci, ɗana. A duk wurin nan kai kaɗai ka cika sharaɗi."