Shuɗin da Ya Tsaya a Rabi

"Lahiya lau, amarya, sai dai ban ga kin durƙusa ba. Gaisuwa a tsaye kamar soja?"

Zulfa ko ɗaga kai ba ta yi ba. Tun da sassafe ta hawo acaɓa daga Mabai zuwa Ƙanƙara, don sabis ɗin ƙauye sai ya ga dama yake zuwa. Ƙarfe sha ɗaya za a yi mata intabiyu ta waya, hoto da murya, na aikin jinya a wani asibiti a Katsina. Shekara biyu ke nan takardar shaidar karatunta na kwance cikin akwati. A imel kuwa an rubuta ɓaro-ɓaro: wanda ya makara da minti goma, an wuce shi. To ga ta a zauren kakanta Malam Gide, tsohon marini wanda har gobe farcensa bai rabu da baba ba, tana latsa adireshin shiga da aka aiko mata, waya na ce mata babu wannan shafi. Saura minti biyar.

"Tsoho, don Allah ka bar ni da abin da ya dame ni."

"Wa ye tsoho? Jiya da hannu guda na ɗaga buhun masara."

"Buhun da ba komai ciki. Kai da goro ma sai an daka maka."

"Haƙoran ai aro na ba da su, suna Sabuwa wurin biki. Jibi za a maido su."

Da wata rana ce da ta rama har sai ya nemi sulhu. Yau kuwa ta koma kan wayarta. Ta sake latsawa, babu. Ta kashe wayar ta kunna, babu. Ta kira lambar da ke ƙasan saƙon, ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Agogo kuwa ba ruwansa da kowa, ya buga sha ɗaya ya wuce abinsa.

"Inna lillahi," ta ce. "Halan dai ba rabona ba ne."

Malam Gide ya daina murmushi, amma bakin nan nasa bai iya zama haka nan ba. "Kawo in gani."

"Ka ga mi? Ina ruwan biri da gada? Ko baƙi ɗaya na boko ba ka sani ba."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi..."

"Babban da ke cigiyar hularsa tana kansa?"

"Miƙo dai, marar kunya."

Ta miƙa masa wayar, don ba ta da sauran dabara. Ya riƙe ta a kife, ta juya masa. Ya nisanta ta da fuskarsa, ya ƙanƙance ido, sai ya ja tsaki irin na maigida da ya kama aikin ha'inci.

"Kai! Wane ragon marini ya yi wanga aiki? Dubi layin sama, shuɗi ya kama tsaf. Na ƙasa kuwa baƙi ƙirin, ko ƙamshin baba bai ji ba. Da a karofina aka fiddo zane rabi a rine, sai an sake tsoma shi ko da kuka."

"Rubutu ne fa, ba zane ba! Ba ni wayata, lokaci na..."

Sai idonta ya faɗa kan layin da yake nufi. Ta ƙura wa wurin ido. Ashe adireshin ne ya yi tsawo, imel ya naɗe shi, ya jefo jelarsa layi na biyu. Shuɗin da take ta latsawa tun ɗazu kai ne kawai ba gangar jiki. Tarkacen baƙaƙe da lambobin da ke ƙasa, waɗanda ta ɗauka lambar takarda ce, su ne ragowar. Sha ɗaya da minti biyar.

Ta kwafo layin sama, ta kwafo na ƙasa, ta jera su. Ta latsa. Babu wannan shafi.

"Wayyo Allahna! Ya ƙi!"

"Kin haɗa su baki da baki? Ko kin bar giɓi irin na bakina?"

Ta duba. Akwai kuwa, ɗan fili guda tsakanin kan da jelar. Ta goge shi, ta yi bisimilla, ta latsa. Wani ɗan zobe ya hau juyawa, yana juyawa, yana juyawa. Can sai shafi ya buɗe: a dakata, za a shigar da ke. Sha ɗaya da minti takwas.

Ta sulale ta jingina da bango, dariya da hawaye suka zo mata tare.

"To amarya, wa ya ci?"

"Kai ka ci, angona. Na janye maganar goro. Da kaina zan daka maka."

Ya yi dariya har da tari, sannan ya girgiza kai. "Ina cin yake? Ni da na gyara maki hanyar gudu Katsina da hannuna. Wa zai riƙa zagina ran kasuwa?"

Kafin ta sami amsa, muryar wata mata ta fito daga wayar: "Zulfa Yahuza, kina jin mu?"

Ta gyara hijabi da sauri. Malam Gide ya dafa sanda ya miƙe, gwiwoyi na ƙara, ya je ya tsaya a ƙofar zaure ya tare ta. Wani mai kura ya taho yana kwaɗa kiran ruwa, tsohon ya ɗaga masa sanda.

"Kai, yi a hankali," ya ce ƙasa-ƙasa. "Matata na magana da manya."