Shanun Nafisa da Gatona

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da ɗiyata ƴar shekara shida ta kwance mini zane a gaban uwar mijina. Har yau in na tuna sai in ji kunnena ya ɗau zafi.

Inna, uwar mijin nawa, ta zo mana Dogon Dutsi daga Dumega, ita da ƙanwarta Gwaggo Hadiza, za a duba wa Inna ido. Tun aurenmu ba ta taɓa faɗa mini baƙar magana ba, amma na san sunana a wurinta: ƴar lekol, ƴar boko ke nan. Wato na iya riƙe bik na rubutu, ban iya riƙe muciya ba. (Tuwona yana gudaji, wannan ba zan yi musu ba.) Sai na ce bana zan nuna mata abin da ba a yi a Dumega. Tun da safe, kafin su tafi asibiti, na buɗe baki na ce gato, wato kek, zai tarbe su.

Ba mu da injin gashi. Yashi ake zubawa a gindin tukunya, a jera gwangwanayen madara da aka shafa wa mai aka zuba kwaɓi, a rufe, garwashi kaɗan a ƙasa, kaɗan a kan murfi. Wadda ta koya mini ta ce sirrin duka wuta kaɗan ne da jira. Ni kuwa ko layin famfo ba na iya jira.

Kuma na riga na yi wa yarana alkawari, Nafisa da ƙanenta Habibu, cewa tare za mu yi. A waya na ga wata uwa tana yi da nata, kowa fes, ana ta dariya. Ba a nuna mini inda yaro ke jefa ƙwai da ɓawonsa cikin kwaɓi ba. Habibu ya nuna mini. Ina tsintar ɓawo, Nafisa ta ƙara fulawa a gefe guda, wai kwaɓin ya yi ruwa, ita shanu za ta gina irin na laka, da ƙaho da tozo. Na ce gato ba shi da tozo. Ta ce nata yana da shi.

Ko rabin awa ba mu yi ba na daka musu tsawa. Na yago musu wanda ta cika wa fulawa, na ce su ɓace mini da gani. Nafisa ba ta yi kuka ba. Kallona kawai ta yi, ta ja hannun ƙanenta suka fita.

Azahar ta matso, na ga abin nan bai tashi ba, sai na kwashe garwashin murhu duka na tula a kan murfi. Ina buɗewa ina leƙawa, ina ƙara fifita. Da na sauke, sama ya yi baƙi ƙirin, ciki kuwa yana bin cokali. Mai hankali da akuya zai ba. Ni na kankare, na barbaɗa sukari, na jera a farantin da ba na fitarwa sai da salla.

Da suka dawo daga asibiti na ajiye musu, Gwaggo Hadiza ta gutsura, ta daɗe tana tauna, ta nemi ruwa. Inna ta kawo nata kusa da fuska tana juyawa, ta tambaya ko haka launinsa yake, ko maganin da aka ɗiga mata ne bai sake ta ba. A nan bakina ya riga hankalina.

"Ayya Inna, yaran ne. Na bar su su koya, suka ɓata shi."

"Ba mu ba ne," in ji wata murya daga bakin ƙofa. "Ke kinka kore mu. Ga namu nan."

Nafisa ce, riƙe da murfin kwano. A kai shanu biyar, jajaye, sun gasu lumui. Ashe da na bar tukunyar, ta roƙi matar da muke haya gida ɗaya ta sa mata su cikin yashin, a sauran ɗumin da ya rage, ta zauna ta tsare su har suka nuna.

Ƙona gato ba komai ba ne, kowa na ƙona abinci. Amma uwa ta yi wa ƴaƴanta ƙarya a gaban kakarsu? Na riga na hango labarin ya isa Dumega kafin motar su Inna ta isa, da sabon sunan da za a raɗa mini.

Inna ta miƙa hannu ta ɗauki saniya ɗaya, ta ciji kan. Ta tauna a hankali. Sai na ga kafaɗunta suna rawa, ashe dariya ce, har da hawaye a idon da likita ya ce kada a taɓa. Da ta samu numfashi ta ba mu labarin tuwon da ta ƙona tana amarya, surukarta na zaune.

"Ni icce na aza ma laihi," in ji ta. "Icce ba shi da baki. Ke kuwa ɗiyata, mai baki kinka zaɓa."

Ban taɓa jin ta ce mini ɗiyata ba sai ranar. Wani numfashi da na sauke, har Gwaggo ta waigo.

Da yamma na samu Nafisa a bayan madafa na ba ta haƙuri. (Ya fi mini jarrabawar birbe wuya.) Ta saurare ni kamar alƙali, sannan ta ce ta yafe, amma nan gaba ita za ta fasa ƙwai.

Yanzu duk Asabar muna yi. Aikin awa ɗaya yana cin uku, ina zaune kan kujera ƴar tsugune na danne hannuwana da gwiwa don kada su kai wa kwano cafka. Haƙuri dai ina koyonsa, ban ce na iya ba. Wanda na haddace shi ne: in za ki yi ƙarya, duba tukuna ko shaidar da kika haifa ta fara magana.