Rago Mai Cinya Huɗu

"To dabbobin fa, Owo, sun yi ƙiba?"

"Sun fi ki. Ke me kike ci a garin nan, hayaƙi?"

A haka suka gaisa a bakin ƙofar hawa na uku, tsoho Namsarai, wanda take kira Owo, wato kaka, yana haki da buhu a kafaɗa, jikarsa Udwal ta tokare masa ƙofa da ƙafa. Ta ce ta ji hawowarsa tun daga ƙasa, har ta zaci raƙumi aka shigo da shi ginin. Ya ce raƙumi yana da hankali, ba zai yarda ya biya kuɗi ya zauna a kan wasu, wasu kuma a kansa ba. Direban a-kori-kurar da ya ɗauko shi daga Arhangai ya hawo da sauran buhu biyu, ya jibge su a baranda, ya ce gobe ƙarfe tara zai dawo, ba zai jira kowa ba.

Ƙarshen Nuwamba ne, lokacin da kowane gida ke shigar da naman sanyi. Abin da aka ajiye a baranda yau, sanyi zai daskarar da shi kamar dutse har ƙarshen Maris. A shekarun baya Udwal raguna biyu take samu daga kakanta, da rabin bijimi. Sanyin bara ya canza lissafin: dusar ƙanƙara ta daskare a kan ciyawa wata uku, garken tsohon ya sauko daga ɗari biyu da wani abu zuwa arba'in da ɗaya. Sau biyu ta kira shi a waya ta ce bana kada ya kawo komai. Ya ce mata ba ya jin ta sosai, iska ta yi yawa. A kira na uku ya ce biyu zai yanka, ɗaya nata ɗaya nasa, kada ta ƙara tayar da maganar.

Rago ɗaya ba ya kai mutum huɗu bazara, ta sani. Mijinta Erhem magini ne, gini kuwa yana tsayawa da zarar siminti ya fara daskarewa. Yanzu kabu-kabu yake yi da motar wani, wata rana a samu, wata rana mai ya cinye. Albashinta na shagon ɗinki kuɗin haya ne da takalman 'yan matanta biyu. Don haka tun makonni take rarraba ragon nan a ranta, a cikin bas, tun ba ta gan shi ba. Haƙarƙari na Disamba. Ƙashi a tafasa shi sau biyu, na farko da taliyar hannu, na biyu da dankali. Ko ta yaya ta juya shi, a tsakiyar Fabrairu yake ƙare mata.

Ta miƙa masa shayi mai madara da gishiri da hannu biyu. Ya karɓa, ya kurɓa, ya ce ruwan famfo ne aka nuna masa hoton saniya. Sannan, kamar abin da ya faɗo masa kawai, ya ce kada ta kwance buhunan sai ya tafi. Ɗaurin makiyayi ne, in ji shi, 'yar birni za ta karya farce.

Shekara goma sha ɗaya yana kawo mata nama, bai taɓa damuwa da farcenta ba. Ta bar shi da shayinsa ta fita baranda.

Kai ɗaya ta samu, an babbake shi tsaf. Wutsiya ɗaya mai kitse. Da ta kai buhu na uku sai ta tsaya, ta sake lissafi daga farko. Cinya huɗu. Karfata huɗu. Haƙarƙarin da ke ciki ya fi na rago ɗaya nesa ba kusa ba.

Ta daɗe a tsaye, yatsunta suna mutuwa da sanyi. Da wannan naman za su kai Mayu. Ba sai ta ƙara tsayawa gaban mai sayar da cinyoyin kajin waje tana juya leda ba, ba kuma sai ta riƙa ce wa yara ita ta ci a wurin aiki ba. Shi da kansa ya ce kada ta buɗe. Abin da ake so daga gare ta kawai ta yi shiru. Har ta kama igiyar ta fara mayar da ɗaurin. Sai ta hango shi ta gilashin ƙofa, ya ɗaga kwanon shayi, hannun rigarsa ya zame. Wuyan hannun da ya taɓa ɗaga ta sama kan doki yanzu bai fi na babbar 'yarta kauri ba.

Ta rungumo cinyoyin huɗu kamar itacen wuta, ta jera su a kan tebur a gabansa.

"Owo, ragon nan naku cinya nawa gare shi?"

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, bai ko ƙifta ido ba. "Huɗu. Me ya faru?"

"Na makarantarmu biyu gare shi."

"Shi ya sa kyarkeci ya cinye shi. Namu na Arhangai sun yi wayo, ɗana. Biyu na gudu, biyu na hutawa."

Ɗana yake ce mata tun tana rarrafe, yadda tsofaffi ke ce wa jika mace ko namiji. Ta ce to ashe rago mai irin wannan gudu, da me ya kama shi, shi da hawa uku ya kusa kashe shi? Ya ce ba kama shi ya yi ba, ragon ne ya zo da kansa da ya ji labarin akwai wata a birni da ke ba 'ya'yanta tsuntsu suna ci. Tausayi ya kama shi, ya kwanta.

"Kan ɗayan fa?"

"Wane ɗayan?"

"Wanda kuka bari a gida don kada in gane. Kai ɗaya, wutsiya ɗaya, da kayan ciki. Da su za ku yi wata biyar?"

Tsohon ya juya kwanon shayinsa a tafin hannu. Ya ce shi fa ya gama da nama. Ya buɗe baki ya nuna mata: haƙora huɗu, babu biyu da ke fuskantar juna. Nama yanzu wahala ce gare shi, in ji shi; shayi da busasshen cuku sun ishe shi. Ta tuna masa cewa busasshen cukun nasa ne ya fasa wa Erhem turmin haƙori bara, har sai da aka cire. Ya ce wannan haƙorin magini ne, da yashi aka yi shi. Shi tsotsa yake yi. Guda ɗaya yakan kai shi daga safe zuwa dawowar garke.

"Kuma a kan tsotsa za ku bi dabbobi a sanyin Janairu."

"Na bi su a kan abin da bai kai wannan ba."

"Da kuna da shekara talatin."

"Yanzu ina da talatin sau biyu da ɗoriya. Ƙarfin ya ninku."

Ba ta yi dariya ba, shi ma ya lura. Ya ajiye kwanon. Ya ce da muryar da ba ta wasa ba, shi mutum ɗaya ne a cikin tanti, tun rasuwar kakarta tukunya ba ta cika masa. Su huɗu ne, biyu suna girma. Ya ga 'yar ƙaramar a hoton da aka aiko masa, kumatunta sun faɗa. Naman da ya hau mota ya yi tafiyar yini guda ba ya komawa. Idan ta mayar masa da ko ƙashi ɗaya, to ta ce masa ya tsufa da ciyar da nasa, kuma zai ji ta sarai, ko da iska.

Udwal ta san da gaske yake. Ta taɓa ganin ya yi shekara biyu bai taka gidan ƙaninsa ba saboda an dawo masa da tulun man shanu. Ta kwashe cinya biyu ta mayar baranda. Biyun da suka rage ta sa su kusa da bututun ɗumama ɗaki, ta ɗauko katakon yanka da babbar wuƙa ta ajiye masa.

Ta ce ta karɓa, duka, ta gode. Amma tunda naman nata ne yanzu, ita ke da ikon yadda za a yi da shi, kuma a gidanta ba a shan shayi kyauta. In cinyoyin sun saki daga ƙanƙara, ya daddatsa mata su ƙanana, yadda ko jariri zai haɗiya.

Ya yi mita, amma ya naɗe hannun riga. Wuƙa a hannunsa ba ta tsufa ba. Ita kuma ta kwaɓa fulawar buz, ƙullin nama da ake turarawa, a babban baho, ta yanka albasa, sannan ta jawo kabeji uku manya daga ƙarƙashin gado. Nan ya tsaya da sara.

"Wannan na wa?"

"Na cikin buz."

"Kin taɓa ganina ina tuƙa? Ragon ya ci ciyawar nan a madadina tun bazara, ya gama mana wannan aikin."

Ta ce a gidan nan haka ake yi: nama kashi ɗaya, kabeji kashi ɗaya, kitse kaɗan don ya riƙe romo. Cinyar da za ta ba da ƙulli casa'in sai ta ba da ɗari da tamanin, yara kuma ba su taɓa tambaya ba. Ya ce yaran ba su san abin da aka raba su da shi ba ne, kuma in kakarta ta ga wannan aika-aika za ta tashi ta zo da muciya. Ta ce kakarta ce ta koya mata, shekarar da aka rufe masana'antu, sai dai shi ba a gaya masa ba. A lokacin ya ci, in ji ta, har ya nemi ƙari. Ya daɗe yana dubanta. Daga baya ya ce ya tuna wata shekara da cikinsa ya riƙa kuka kamar na ɗan maraƙi, ashe dalili ke nan.

Suka yi ta yi har rana ta karkata. Ita tana murza kwaɓin tana yanka shi faifai-faifai, shi yana zuba nama yana tsuke baki da manyan yatsunsa. Nasa suna fitowa kamar an taka su. Ta ce ba komai, mai su ba ya zaɓe. Tire ya cika ta kai baranda, kafin wani ya cika na farko ya daskare, ta juye shi a buhu yana ƙara kamar tsakuwa. Da yara suka dawo makaranta ta turara talatin. Tsohon ya ci goma sha ɗaya, yana faɗin aibinsu bayan kowane ɗaya: wannan ganye ya yi masa yawa, wannan ma haka, wannan bai ji nama ba sai a ƙarshe. Babu ko ɗaya da ya gagari haƙoransa huɗu. Udwal ta lura da haka.

Washegari tara saura direba ya danna oda a ƙasa. Tsohon ya ɗaura ɗamararsa, ya shinshini goshin yaran, irin sallamar tsofaffinsu, ya nufi ƙofa. A bakin ƙofar ya tarar da buhu a tsaye, an ɗaure shi tam.

"Ɗari uku da ashirin," in ji Udwal. "Biyar kullum, wata biyu. Da kan da kuka ɓoye da wutsiyar, za ku ga bazara. Ba namanku na mayar ba. Abincin gidana ne na ba baƙo guzuri, rabinsa ma ciyawa ce."

Ya tsaya yana kallon buhun. Ya ce ita ta rage wa 'ya'yanta cinya biyu. Ta ce ta bar musu biyu, da karfata huɗu, da haƙarƙarin da bai cikin lissafinta; Fabrairunta ya koma Afrilu, abin da ya wuce nan kabeji zai ji da shi. Ya ce to zai ɗauka, amma don karensa. Ta ce karen yana da haƙora, da don shi ne da ba ta sa tsoho ya wuni yana sara ba.

Oda ta sake tashi. Namsarai ya sunkuya ya ɗaga buhun, ya gwada nauyinsa, ya saɓa a kafaɗa. Ya sauka taki uku, sai ya tsaya bai juyo ba. Shekara hamsin da ɗaya ana ajiye masa buz a gabansa da zafinsa, bai taɓa turara su da kansa ba.

"Ɗana," ya ce a hankali, "minti nawa ake barinsu a kan wuta?"

"Ashirin, in ruwan ya tafasa. Ku shafa wa madambacin mai. Kuma kada ku riƙa buɗe murfin kuna leƙe, na san halinku."

Dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya gyara buhun, ya ci gaba da sauka yana maimaitawa, ashirin, a shafa mai, ban da leƙe.