Ranar Da Na Raka Surukina Tashar Jirgi

Komai zan iya mantawa da shi a zamana na Malesiya, ban da ranar da na raka Alhaji, mahaifin Rukayya, tashar KL Sentral, inda ake hawa jirgin ƙasan da ke kai mutane filin jirgi. Lokacin ina digiri na biyu, manyana sun kai gaisuwa gidansu a Kano amma ba a sa rana ba. Sai Alhaji ya zo Kuala Lumpur duba lafiya. Rukayya ta kira ni ta ce, "Baba fa bai gama yanke shawara a kanka ba. Don Allah ka nutsu."

Nutsuwa kam na yi, har ta so ta yi yawa. Duk inda za shi ina biye, kaina a ƙasa. Ban ci abinci a gabansa ba, ban yarda mun haɗa ido ba (da za a tambaye ni kamanninsa a satin nan, sai dai in kwatanta takalminsa). Shi ma dattijo ne mai kawaici, in zai yi min magana sai ya kalli gefe.

Ranar komawarsa, muna sauka daga mota na kai hannu kan 'yar jakar da ya rataya. Ya ce in bar ta, ba nauyi. Na ce ai ba zai yiwu ina tsaye Baba ya ɗauki kaya ba. Na rataya ta, na ja akwatin, na sayo masa tikiti. A bakin shingen da ake sa tikiti a wuce na miƙa masa akwatin, sannan na zube ƙasa a tsakiyar jama'a, mutane na kewaye ni da kayansu. Na ce a gaida Hajiya, a gaida su Kawu, a gaida yara. Ni ina kallon ƙasa, shi yana kallon rufi, yana amsawa. Ya sa min albarka ya wuce.

Na fito ina jin kaina kamar an riga an ɗaura. Na gangara unguwar Indiyawa da ke bayan tashar, na wuce masu sayar da furanni, na shiga wani mamak, wato shagon abincin Indiyawa Musulmi. Na sa aka cika min faranti da shinkafa da kaza, na naɗe hannun riga, don in rama yunwar da kunya ta sa ni.

Na kai rabi sai na ji waya na ƙara a gefen cikina. Ba tawa ba ce. Na duba, ga jakar Alhaji a rataye, lafiyarta ƙalau.

Wallahi ko a nan kunya ba ta sake ni ba. Wayar na ta ƙara, ni kuma ina tunanin ko ya dace mutum ya buɗe jakar surukinsa. Sai da mai kawo abinci ya gaji ya ce, "Boss, answer lah," wato in ɗauki wayar mana. Na zuge da hannun hagu. Abin da na fara gani fasfo ne.

Alhaji ne, ya ari wayar wani fasinja. Muryarsa a kwance ya ce, "Malam, kana ina?"

Maimakon in ce ga ni nan tafe, sai bakina ya ce, "Ina cin abinci, Baba."

Ya ce, "To, in ka gama."

Gudun da na yi, ko ɓarawon waya a Kantin Kwari albarka. Na kama jirgi na gaba, miya har gwiwar hannu. Kafin in isa filin jirgi an rufe karɓar fasinjoji, dole Alhaji ya ƙara kwana. Na miƙa masa jakar, ya karɓa yana kallon gefe. Na koma ɗakina da ke unguwar Danau Kota na sallama Rukayya a raina.

Sai bayan ya isa Kano ta kira ni, dariya ta hana ta magana. Wai Baba ya ce yaron akwai ladabi, a sa rana, amma duk tafiyar da za mu yi ita ce mai riƙe fasfo.

Har yau ita ke riƙewa. Ni dai na koyi abu ɗaya: ka ji kunyar surukinka iya ƙarfinka, amma kafin ka sunkuyar da kai, ka fara duba kafaɗarka.